Kundin aiki: katin bin diddigin faɗuwar himogulobin ga masu jinyar ITP

6 ga Janairu, 2025

Abin da muka sa gaba shi ne kati mai shafi biyu, gaba da baya, wanda likita ko nas za su duba idan himogulobin na mai jinyar ITP ya yi ƙasa. Himogulobin shi ne sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. ITP cuta ce da garkuwar jiki ke juya wa ƙwayoyin tsayar da jini, wato filetilet, tana lalata su galibi a saifa, har adadinsu ya gaza 100,000 a kowace maikurolita. Jumlar da za ta zauna a saman katin ba a yi gardama a kanta ba: ITP ita kaɗai ba ta rage himogulobin. Idan ya faɗi, to ɗaya cikin huɗu ne. Ko jini na zuba, ko jajayen ƙwayoyi na fashewa, ko ɓargo ya rage aiki, ko kuma adadin da ke kan takarda ba gaskiya ba ne.

Mun ɗauki iyakokin Hukumar Lafiya ta Duniya: ƙasa da 13 g/dL ga namiji, ƙasa da 12 ga macen da ba ta da ciki. Amma ga wanda ake bi a kai a kai, abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin yau da gwajin baya. Faɗuwar 2 g/dL ko fiye tana buƙatar bincike ko da adadin bai fita daga iyaka ba. Inda PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, kawai ake iya yi, a raba shi gida uku don a samu kimanin himogulobin. Mai sikila kuwa da matsayin da ya saba zama ake auna shi.

Sunayen magunguna za su tsaya yadda suke a jikin kwali, don kada a samu kuskure wajen bayarwa.

14 ga Janairu

Yau zaman ya ƙare a kan abu guda: jinin da ake ɗiba kafin a ba da kashin farko na magani. Yawancin ruɗanin da ake shiga a mako na biyu daga nan yake tasowa. IVIG da anti-D, magungunan ITP da ake bayarwa ta jijiya, duk suna ɗauke da garkuwar wasu mutane, don haka bayan an ba da su gwajin Coombs, mai gano garkuwar da ta manne wa jajayen ƙwayoyi, na iya nuna akwai matsala alhali aro ne. Ƙarin jini kuma yana ɓata gwajin G6PD, enzayim ɗin da ke kare jajayen ƙwayoyi daga fashewa, saboda ƙwayoyin mai bayarwa ne za a auna. Wanda bai ɗebi samfur tun farko ba, ranar da himogulobin ya faɗi ba shi da abin da zai kwatanta da shi.

Abin da ya shiga akwatin farko na katin: cikakken ƙidayar jini, shimfiɗar jini a gilashi wadda mutum zai duba da idonsa a maikuroskop, retikulosait (sababbin jajayen ƙwayoyi), rukunin jini da Rh, Coombs, bilirubin da LDH (masu hawa idan jini na fashewa), kiriyatinin (gwajin ƙoda), feritin (ajiyar ƙarfe a jiki), G6PD, gwajin maleriya, HIV, da ciwon hanta nau'in B da C. Idan kuɗin majinyaci ba zai kai duka ba, wanda sau da yawa haka ne, tsarin fifiko shi ne gilashi, maleriya, retikulosait, rukunin jini da Coombs. A ajiye ragowar ruwan jinin a firiji mai daskarewa da suna da kwanan wata, ko daga baya a yi sauran.

Maleriya ta shiga sahun gaba ne don ita kaɗai tana iya saukar da filetilet da himogulobin a lokaci ɗaya, kuma a nan ta fi ITP yawa nesa ba kusa ba.

15 ga Janairu

Gyara daga ɓangaren ɗakin gwaji. Kafin a fara neman cuta, a tabbatar adadin gaskiya ne. Jinin da aka ɗiba daga hannun da ake ƙarin ruwa yana fitowa a tsarme. IVIG ma ruwa ne mai yawa: mutum mai kilo 60 da aka ba giram 1 a kowane kilo ya karɓi giram 60, wato mililita 1,200 idan mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari ne, kuma furotin ɗin na jawo ruwa zuwa cikin jijiya. Ɗan saukar himogulobin washegari ba tare da alamar fashewa ba yakan zama wannan ne.

Akwai kuma tarkon na'ura. Idan jajayen ƙwayoyi sun ƙanƙance sosai saboda rashin sinadarin ƙarfe, ko sun farfashe, na'urar da ke ƙirga da girma tana lissafa su a matsayin filetilet. Sai a ga filetilet ya hau a takarda, a ɗauka magani ya fara aiki, alhali ba haka ba ne. Duk sakamakon da himogulobin ya sauka filetilet ya hau a rana ɗaya, a koma gilashi.

28 ga Janairu

Sashen zubar jini, kuma shi ne mafi tsawo don shi ne sanadin da ya fi yawa.

Tambayar "kina zubar da jini?" ba ta kamo komai. Mace da yawa za ta ce a'a, don a wurinta al'ada ba zubar jini ba ce. Mun maye gurbinta da tambayoyi masu adadi: kwana nawa al'adar ke yi, audugar mata nawa a rana, ana canjawa duk awa ɗaya ko biyu, ana tashi cikin dare a canja, akwai gudaji. Fiye da kwana 7, ko fiye da mililita 80 a wata, ya wuce ƙima. Lissafin ƙarfen kuwa a fili yake: kowace mililita ta jini na ɗauke da kusan rabin miligiram na ƙarfe, hanji kuma miligiram 1 zuwa 2 yake tsotsa a rana. Wata uku na irin wannan al'adar sun isa su kwashe ajiyar macen da da ma ba ta da yawa. Gara nas mace ta yi waɗannan tambayoyin, ba a gaban miji ko suruka ba.

Maganin da ya shiga kati: tranexamic acid giram 1 sau uku a rana a kwanakin al'ada, a rage idan ƙoda ta yi rauni, kuma kada a bayar idan akwai jini a fitsari a bayyane, don gudaji na iya toshe hanyar fitsari daga ƙoda. Norethisterone miligiram 5 sau uku a rana don tsayar da al'adar. Mun ja layi ja a ƙarƙashin mefenamic acid, domin shi aka saba rubuta wa mai yawan jinin al'ada, amma ɗan gidan su ibuprofen ne, yana raunana ɗan filetilet ɗin da ya rage.

Wannan ya kai mu ga jinin da ke zuba a ciki da hanji. Steroid ɗin da ake bayarwa a ITP, wato prednisolone miligiram 1 a kowane kilo, ko dexamethasone miligiram 40 na kwana huɗu, idan ya haɗu da diclofenac, aspirin ko piroxicam, hanyar gyambon ciki ta buɗe. Majinyaci ba zai ambaci waɗannan ba idan an ce "wane magani kake sha?", sai an tambaye shi haɗin maganin gajiya ko na ciwon jiki da ake ƙullawa a kemis. A ce ya zo da ledar. Baƙin bayan gida mai danƙo da wari shi ne alamar jini daga sama. Ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida, amma ba ya danƙo haka. Idan yuriya, wani gwajin ƙoda, ta hau kiriyatinin na nan daidai, zargin ya ƙaru.

Abu biyu da ake yawan mantawa. Haɓon da ke gangarawa ta maƙogwaro ana haɗiye shi, ba a ganinsa a hanci. Sannan a awannin farko na zubar jini mai yawa himogulobin ba ya sauka, sai jiki ya jawo ruwa ya cike gurbin. Bugun zuciya da awon hawan jini a tsaye da a kwance su ne ke fara magana. A fata mai duhu ɗige-ɗigen jini ba sa fitowa sosai, don haka a duba ganda, cikin kumatu, dasashi da cikin fatar ido. Ƙurajen jini a cikin baki sun fi na fata nauyi.

11 ga Fabrairu

Fashewar jajayen ƙwayoyi. Alamunta a haɗe suke zuwa: retikulosait ya hau, LDH ya hau, bilirubin mara haɗi ya hau, ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kalar shayi. Daga nan tambaya biyu ce ke raba hanya: me gilashi ya nuna, kuma wane magani aka bayar a kwana goman da suka wuce.

Idan gilashi ya nuna gutsattsarin jajayen ƙwayoyi, a daina kiran cutar ITP har sai an kawar da TTP, cutar da ƙananan gudaji ke toshe hanyoyin jini suna cinye filetilet. Wannan shi ne akwati ɗaya tilo da muka yi wa jan launi gaba ɗaya. TTP da ba a yi wa magani ba tana kashe kusan kashi 90 cikin ɗari, maganinta musanyar ruwan jini ne da steroid, kuma ƙarin filetilet na iya ƙara dagula ta. Gwajin ADAMTS13, wanda ke tabbatar da TTP, ba a samunsa a yawancin wurare, don haka kada a jira shi. Gutsattsari, LDH mai yawa, ruɗewa ko ciwon kai, da Coombs da bai nuna komai ba sun isa a fara shirin tura majinyaci, ana ba shi daskararren ruwan jini kafin a isa.

Idan kuwa ƙwayoyin sun zama ƙanana dunƙulallu, Coombs da aka ɗiba kafin magani kuma ya nuna, to ciwon Evans ne, wanda Robert Evans ya siffanta a 1951: garkuwar na cin filetilet da jajayen ƙwayoyi duka. Ba dole su zo tare ba, ɗaya na iya biyo bayan ɗaya da watanni ko shekaru. Wannan yana canja lissafi. Steroid zai fi daɗewa kuma a rage shi a hankali, saɓanin ITP zalla inda ƙa'idar ƙungiyar likitocin jini ta Amurka ta 2019 ta ce kada a wuce mako shida. A ƙara folic acid miligiram 5 a rana. A nemi lupus, wata cutar garkuwar jiki, a manya kuma a nemi sankarar jini ko ta kaluluwa. Anti-D ya haramta.

12 ga Fabrairu

Ci gaba, ɓangaren da magani ne ke fasa jinin.

IVIG na ɗauke da garkuwar da ke yaƙar rukunin A da B. Mai rukunin A, B ko AB da ya karɓi jimillar giram 2 a kowane kilo ko fiye shi ya fi shiga haɗari, mai rukunin O da wuya. Fashewar na iya bayyana daga awa 12 har zuwa kwana 10, wato sau da yawa bayan an sallame shi. Shi ya sa muka sa gurbin kwanan wata biyu a katin sallama: gwaji a kwana na 2 zuwa na 4, da wani a kwana na 7 zuwa na 10. Idan ƙarin jini ya zama dole, jajayen ƙwayoyin rukunin O ake nema, ba rukunin majinyacin ba.

Anti-D kuwa da gangan yake fasa jini. Yana lulluɓe jajayen ƙwayoyin mai Rh fozitif don saifa ta shagala da su ta ƙyale filetilet, saboda haka saukar 0.5 zuwa 2 g/dL abin da ake tsammani ne. Awonsa maikurogiram 50 zuwa 75 a kowane kilo ta jijiya. Mai kilo 60 zai buƙaci 3,000 ko fiye, ninki goma na allurar 300 da ake yi wa mai jego. Wasu nau'o'in na tsoka ne kawai, ba a saka su a jijiya. A 2010 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani saboda fashewar jini a cikin jijiya da ke kai wa ga lalacewar ƙoda da mutuwa. Ƙa'idar ita ce a riƙe majinyaci aƙalla awa 8, a gwada fitsari da tsinken gwaji kafin a fara, bayan awa 2, bayan awa 4, da kafin ya tafi. Ciwon baya, rawar sanyi da jan fitsari su ne ƙararrawa. Ba a ba wanda aka cire wa saifa, kuma idan himogulobin bai kai 10 ba a rage awon ko a bar shi. Ra'ayinmu shi ne inda ba za a iya samun jini mai Rh negetif cikin gaggawa ba, kuma a yankinmu masu shi kaɗan ne, gara a bar shi kwata-kwata.

Dapsone, wani maganin da ake ba mai ITP, ya fi shafarmu don yana da araha, miligiram 75 zuwa 100 a rana. Ko mai cikakken G6PD yakan rasa 1 zuwa 2 g/dL a kansa. Mai ƙarancin G6PD, wanda ya yawaita a tsakanin mazan Afirka ta Yamma, zai iya faɗuwa warwas cikin 'yan kwanaki. Gwajin G6PD yana yaudara ta hanya uku: lokacin da fashewar ke gudana, don sababbin ƙwayoyi na da enzayim mai yawa, bayan ƙarin jini, da kuma ga mata masu ɗauke da rabin gadon, waɗanda gwajin eh-ko-a'a ke iya wankewa. A maimaita bayan wata uku. A riƙa ƙidayar jini kowane mako a watan farko. Idan na'urar auna oksijin ta yatsa ta tsaya a wajen kashi 85 duk da iskar oksijin, jinin kuma ya yi ruwan ƙasa kamar cakulan, methimogulobin ne, wato himogulobin da ya canja har ba ya ɗaukar oksijin. Methylene blue shi ne maganinsa, amma ga mai ƙarancin G6PD ƙara fasa jinin yake yi, sai a koma ga bitamin C.

Ƙaramin ƙari daga masu kula da ciwon suga: dapsone na saukar da HbA1c, gwajin matsakaicin sugan watannin baya, na ƙarya, don haka sugan da steroid ya tayar a bi shi da gwajin yatsa.

25 ga Fabrairu

Ɓargo. Wannan sashe gajere ne a kati amma an fi kuskure a lissafinsa. Retikulosait kashi 3 cikin ɗari yana kama da amsa mai kyau, sai an gyara shi da PCV: a ninka da PCV na majinyaci a raba da 45. Idan PCV 21 ne, 3 ya koma 1.4. Ƙasa da 2 ga mai ƙarancin jini na nufin ɓargo bai amsa ba.

Magungunan da aka saba samu da laifin danne ɓargo: azathioprine, musamman idan an haɗa shi da allopurinol ba tare da an rage azathioprine ɗin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ba, mycophenolate, co-trimoxazole, zidovudine ga mai HIV. Idan retikulosait ya kusa sifili, fararen ƙwayoyi na nan lafiya, a tuna da ƙwayar cutar parvovirus B19 ga wanda aka danne wa garkuwa. Idan nau'in ƙwayoyin jini biyu ko uku sun faɗi tare, ko jajayen ƙwayoyin sun yi girma ga wanda ya haura shekara 60, ko saifa ta kumbura, to wataƙila tun farko ba ITP ba ce, a ɗebi ɓargo. Ƙarancin filetilet ba ya hana ɗibar, dannawa ce kawai za a tsawaita. Ga yaro mai ƙarancin jinin da zuba ba ta bayyana shi ba, ko mai ciwon ƙashi da zazzaɓi, ɓargo kafin steroid, don steroid na iya ɓoye sankarar jini na ɗan lokaci.

10 ga Maris

Ƙarfe da eltrombopag, maganin da ke sa ɓargo ya ƙara yin filetilet. Feritin ƙasa da 30 rashin ƙarfe ne; idan akwai kumburi ko maleriya feritin na hawa, don haka har ƙasa da 100 ba a wanke mutum ba. Ferrous sulphate miligiram 200 na ɗauke da miligiram 65 na ƙarfe. Mun cire tsohon tsarin sau uku a rana. Ƙwaya ɗaya a rana, ko rana bayan rana, ta fi shiga jiki kuma ba ta cika damun ciki ba, saboda kowane kashi yana tayar da sinadarin hepsidin da ke rufe ƙofar tsotsa na kusan yini guda. Ba a sha da shayi. Omeprazole ɗin da aka bayar don kare ciki shi ma yana rage tsotsar. Abin da ake jira: retikulosait ya hau a kwana 7 zuwa 10, himogulobin ya ƙaru da kusan 2 g/dL a mako uku zuwa huɗu, sannan a ci gaba wata uku bayan ya daidaita. Idan bai hau ba, ko ba a sha, ko zubar ba ta tsaya ba, ko akwai tsutsar ciki. Allurar ƙarfe ta tsoka ba ta da gurbi a nan, jini zai taru a wurin. Ta jijiya ce: iron sucrose miligiram 200 a kowane zama, ko ferric carboxymaltose har miligiram 1,000 a zama ɗaya.

Eltrombopag yana kama ƙarfe, kalsiyam, magniziyam, zinc da alminiyam. Matsalar ta fuska biyu ce. Shansa na tsawon lokaci na iya jawo rashin ƙarfe, don haka feritin ya shiga gwajin bibiya. Idan kuma aka sha shi kusa da ƙwayar ƙarfe, madara ko maganin ƙwannafi na ruwa, ba ya shiga jiki, filetilet ya sauka, zuba ta dawo, a ƙara ƙarfe, a yi ta zagaye. Ƙa'idar: awa 2 kafin waɗannan, ko awa 4 bayansu.

Da yake azumi ya kama, masu harhaɗa magunguna sun kawo tambayar wanda likita ya amince ya yi azumi: tsakanin buɗa-baki da sahur ina za a samu wannan tazara, ga fura da nono, yogot da shayin madara a kowane gefe? Tsarin da muka rubuta shi ne a gama duk abin da ke da madara kafin ƙarfe 8 na dare, a sha eltrombopag ƙarfe 12, a bar ƙwayar ƙarfe sai sahur. Eltrombopag kuma yana canja launin ruwan jini zuwa ja-ja ko ruwan ƙasa, har ya rikita awon bilirubin da kiriyatinin a wasu na'urori, don haka a rubuta sunansa a takardar neman gwaji kada a ɗauka fashewa ce.

24 ga Maris

Ƙarin jini. Iyaka 7 g/dL, ko 8 ga mai ciwon zuciya, amma mai zuba a yanzu da yanayinsa ake aiki ba da adadi ba. Leda ɗaya ta jajayen ƙwayoyi tana ɗaga babba da kusan 1 g/dL. A sa leda ɗaya, a sake aunawa, sannan a yanke shawarar ta biyu. Kowace ta ƙare cikin awa 4. Wanda ke kan steroid ya kuma sha IVIG jikinsa cike yake da ruwa, a saurari ƙirji kafin a ɗora. Cikakken jinin da ya kwana a firiji kada a sa ran zai ɗaga filetilet. A ciwon Evans gwajin dacewa kusan kullum zai ce babu ledar da ta dace. Likita ya kira bankin jini da bakinsa, a zaɓi wadda ta yi daidai da ABO da Rh, a sa a hankali ana tsaye a kai. Hana jini ga mai himogulobin 4 saboda takarda ta ce bai dace ba ya fi haɗari.

2 ga Afrilu

Daftari na uku ya wuce shafi biyu da kusan layi goma sha biyar. An ba da shawarar a cire anti-D tunda ba kasafai ake amfani da shi ba. Masu kula da yara ba su yarda ba, don haka an matse shi zuwa layi huɗu. Sashen masu ciki bai shiga ba tukuna. Iyakar himogulobin a can daban ce, ruwan jiki na tsarma jini, mycophenolate ya haramta, kuma HELLP, ciwon masu ciki da ke fasa jini ya taɓa hanta ya saukar da filetilet, na shigowa cikin jerin abubuwan da ke kama da TTP, don haka zai zama kati na daban tare da likitocin mata. Awon magungunan yara a kowane kilo yana hannun masu harhaɗa magunguna don sake lissafi. Zama na gaba 16 ga Afrilu, za a buga kwafi a ba nas-nas na dare su karanta su nuna layin da ba su gane ba.